Angon Am Sabri

Da abokina Sagiru zai auri Mahasin, 'yar Hausawan Sudan da ke unguwar Ard al-Liwa a Masar, uwarta ta kafe sai an busa algaita. Ni ne abokin ango, wahalar ta faɗo kaina. Na karaɗe unguwar Abbasiya ban samu mai algaita ba, sai wani tsoho, Am Sabri, mai busa ƙirba, wato salkar fata da ake matsewa a hammata tana kuka ta sarewa.

Ranar biki bayan la'asar, Sagiru ya sa farar jallabiya ya maƙale bayan mutane don kunyar surukai, kamar yadda angwayenmu suka saba. Ni kuwa na sha babbar riga, ina ta zuba ƙamshi. Kallo ɗaya Am Sabri ya yi mini ya yanke hukunci ni ne ango. A Masar ango ake sakawa gaba, kuma mai busa ba ya gusawa sai ya taka rawa.

Na ce, "Am Sabri, ba ni ba ne!"

"Yalla, maza ango, duk haka kuke cewa!" in ji shi, ya ƙara matse salkar.

Lungun su amarya ya toshe, masu tuk-tuk, wato adaidaita sahu, suna ta danna hon. Dole na taka, munafukin Sagiru yana tafa mini. Humaira ƙanwar amarya ta yi dariya har da hawaye.

Bana Am Sabri ya sake busa mini a lungun nan, Humaira na gefena cikin kayan amarya. Ya raɗa mini, "Ni ban taɓa kuskuren ango ba."