Rumbun Tsimin Baba Ɗanasabe

Babanmu, Baba Ɗanasabe, Bamaguje ne na Tafoki, kuma har ya kai shekara saba'in bai taɓa tsallake al'adar gidansu ba. Mu 'ya'yansa ne muka watse masa. Ni Lidiya na shiga coci, na yi aure a Faskari. Yayana Sanusi, babban ɗansa, ya musulunta, da arzikin man fetur ya fara jan samari birni sai ya bi su Kaduna, ya sami aiki a masaƙa, ya sayi rediyo da agogo, ya manta yadda ake riƙe fartanya.

A bayan gidanmu akwai rumbun tsimi, cike da gero da dawa na shekara uku, an liƙe bakinsa da laka. Ƙa'idar gidan ita ce ba a fasa shi sai mai gida da babban ɗansa sun tsaya tare, an yanka jan zakara an zuba jinin a gindinsa. In aka saɓa, wai albarkar gona ta tafi ke nan.

Sai ga shekarar fari, gero ya bushe a tsaye. Gwaggo Adama, yayar Baba, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, tana zaune ita kaɗai a Ruwan Godiya. Sau biyu tana aiko cewa ta koma cin dusa da tafasa. Baba ya aika mata da ɗan abin da ya rage a ƙaramin rumbu, ya ce ta yi haƙuri, Sanusi na nan tafe. Ya sa aka rubuta wasiƙa Kaduna. Bayan mako uku amsa ta zo: shi yanzu ba ya tsayawa kan irin wannan yanka, kuma ma ba a ba shi hutu ba. Ni ma ban fi shi ba. Da na je gida, wa'azi na tsaya yi wa tsoho a kan zakara. Har yau in na tuna sai haushin kaina ya kama ni, da ma gatari na ɗauka.

Baba ya sake aika wasiƙa, ya ci gaba da jira. Wata Laraba aka zo aka ce Gwaggo ta rasu. Zawo ne, in ji su, amma jikin da ba abinci da me zai tare ciwo?

Da muka dawo daga binne ta Baba bai zauna karɓar gaisuwa ba. Ya ɗauki gatari, ya hau tsani, ya fashe bakin rumbun. Dammunan suka fito lafiya lau, ko ƙwaro bai taɓa su ba. Ya rungume guda ɗaya ya zauna a ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro, ni ma na taya shi.

Daga ranar ya sami aikin yi. Ya raba hatsin gida-gida, bai tambayi kowa abin da yake bauta wa ba. Da ruwa ya dawo ya koma gona da tsufansa. Kowace kaka ya cika rumbun ya bar bakinsa a buɗe, kowace bazara ya ɗora wa jaki buhu ya bi ƙauyuka yana leƙa tukwanen tsofaffin mata. Shekara tara yana haka. Liman ya zo ya ce masa ya musulunta, kada wannan alheri ya tashi a banza. Fastonmu ma ya zo da tasa maganar, ni na rako shi. Baba ya ba kowannensu tabarma da fura, ya ce shi bai ƙi na kowa ba, amma ya gama jiran sharaɗi kafin ya taimaki mutum.

A ciwonsa na ƙarshe Sanusi ya zo da mota, ya durƙusa yana neman gafara, yana roƙonsa ya yi shahada. Ni kuma ina ɗaya gefen da nawa littafin. Lokacin hankalin Baba ya fara gushewa. Ya dube mu, ya nuna wani buhu da ke jingine a bango.

"Sanusi, ashe ka iso," ya ce. "Ɗauki wanga ka tahi Ruwan Godiya maza-maza. Ka ce ma Yaya Adama ta yi haƙuri, na buɗe."

Sanusi ya saɓi buhun a kafaɗa ya fita. Da na leƙa, na gan shi tsaye a ƙofar gida da buhun, bai san inda zai kai shi ba.