Hanyar Baya a Huhun Idwal

Idwal Prosser ya shekara talatin da ɗaya yana haƙar kwal, sau biyu ƙasa na rufta masa yana fitowa da ƙafarsa. Sai ga shi kwance a asibiti, gudan jinin da bai kai kan yatsa ba ya toshe masa jijiyar huhu. Abu ɗaya ke cin ransa: in gefen huhun ya mutu, shi da busa ƙaho a bikin tsofaffin mahaƙa sun yi sallama ke nan.

Tegwyn, abokin aikinsa tun suna samari, ya zo dubiya da inabi, ya zauna yana cinyewa.

"Ka bar mini ƙahon a wasiyya, tsoho. Da ma busarka kukan akuya ce."

"Uban wa ya goyo ka daga ƙarƙashin ƙasa? Ajiye inabin nan!"

Likita Nerys ta shigo da hoton ƙirjinsa. "Baba, naman huhun bai mutu ba."

"Ba kin ce hanya ta toshe ba, 'yata?"

"Babbar ce ta toshe, mai kai jini ya ɗebo iska. Amma akwai wasu 'yan siraran jijiyoyi da ke bin bututun numfashi suna ciyar da huhun kansa. Can ciki suna haɗuwa da rassan babbar. Ta nan jini ya zagayo."

Idwal ya dubi hoton. Ya tuna ranar da babbar hanyar ramin kwal ta rufta, su tara suka bi hanyar iska ta baya da rarrafe, wadda kullum suke zagi saboda ƙuncinta. Ya tuna warin dokin da ke jan kwal da jiƙaƙƙen katako, da shayi mai sanyi a gwangwani, da fararen haƙora cikin baƙaƙen fuskoki.

"Ka ji ko, Tegwyn? Wanda ya gina ni ya san aikin rami. Ba a haƙa rami da mafita ɗaya."

"Kowa haka nasa yake, Baba," in ji likita.

"Nawa dai aka gwada."

Ta ce ya ba ƙahon hutun wata biyu. Bikin saura wata uku.

Ranar bikin, ya tsaya a filin da ramin yake a da. An cike bakunansa biyu da siminti, ciyawa ta rufe. Ya cika ƙirji, ya busa. Tegwyn ya toshe kunne ɗaya, yana share ido.