Tallan Akwatin Gawa

"Jikana ba zai shiga wannan abin ba," in ji Kaka Odessa, ta dire jakarta a kan akwatin gawar kamar teburin gidanta. "Ko dala nawa ne."

Rosalind Pickett ta saci kallon agogo. Huɗu saura. Aikinta a jami'ar jihar shi ne lallaɓar attajirai su zuba kuɗin da ake biyan 'yan ƙwallo, shekara shida ke nan tana ƙyalƙyala wa tsofaffi dariyar dole. Yau tura ta kai bango. In biyar ta buga Mista Thaddeus Crumley bai sa hannu a takardar da ke hammatarta ba, Demarion Oakes, jikan Kaka, yaron da ya ci musu wasa tara a bana, zai koma jami'ar jihar maƙwabta, inda tuni aka yi masa tayin gida da mota. In ya tafi, ita ma sai ta kwashe komatsanta.

Lauyoyin jami'a ne suka ɓallo ruwan. Sun ce ba a ba ɗan wasa kuɗi haka kawai, sai ya yi wa mai kuɗin talla. Wasu attajiran motoci suke sayarwa, wasu soyayyiyar kaza. Na Rosalind, Mista Crumley, gawa yake binnewa, gidajen jana'iza goma sha huɗu gare shi.

"Haba, Madam, dubi aiki!" Mista Crumley ya shafa murfin. Shekararsa tamanin da biyu, bai taɓa fashin kallon wasa ba, ko ranar da aka binne matarsa. Akwatin kore ne da rawaya, launin ƙungiya. Ya ɗaga murfin, sai taken jami'a ya ɓarke daga ciki. "Masoyin gaske ba ya barin ƙungiya don kawai ya mutu. Yaro ya kwanta, ya rungume ƙwallo, a ɗauki hoto, shi ke nan."

"Kaka, minti biyu ne fa," in ji Demarion, yana sosa ƙeya.

"Rufe min baki! Da hannuna na raine ka, ba zan tsaya ana gwajin gawa da kai ba."

"Yaran yanzu," in ji tsohon. "A zamaninmu burodi da nama kawai ake ba mu, mu je mu kakkarya haƙarƙari."

"A zamaninku ai ba a barin baƙar fata irin jikana su taka filin."

Mista Crumley ya yi tarin da ba na mura ba. Mai hoto ya duƙufa gyaran fitilar da lafiyarta ƙalau.

"In daɗi ne da shi ka shiga mana," Kaka ta ƙara. "Kai ka fi kusa."

Rosalind ta buɗe baki za ta ba shi haƙuri. Amma tsohon bai taɓa barin mace ta ƙure shi a shagonsa ba. Ya cire takalma, ya dafa kafaɗar Demarion, ya haye. Hannayensa suka haɗu a ƙirji da kansu, idanunsa suka rufe. Sabo da aiki.

"Tsaya haka, ranka ya daɗe!" Rosalind ta yi wuf. "Demarion, kama mariƙin akwatin. Ɗauka za ka yi, ba kwanciya ba. Kaka, wannan ya yi?"

"Ɗauka lada ce," in ji Kaka.

Fitila ta haska. Ba wanda ya lura da gilashin shagon da ke kallon babban titi, sai da mutane suka cika shi. Maza sun cire huluna, wata mata tana share hawaye, wayoyi ashirin a sama. Ga Mista Crumley miƙe, ga take yana tashi, ga gwarzon ƙungiya tsaye a kansa.

"To, a tashe ni," in ji tsohon. Ya yunƙura, ya koma da ƙara. "Wayyo, bayana ya riƙe! Yaro, ɗago ni."

Kaka ta tare jikanta da hannu ɗaya. "Dakata. 'Yar nan, kawo biro. A ƙara layi: ko gwiwarsa ta goce, ko wuyansa ya karye, kuɗin karatunsa na nan har ya karɓi digiri."

"Wannan ai fashi ne da rana tsaka!"

"To ka huta a nan. Mutanen maƙwabta na jiranmu."

Rosalind ta rubuta layin. Ta ɗora takardar a ƙirjinsa. Ya zagi lauyoyi, ya zagi maƙwabta har kakanninsu, sannan ya sa hannu. Biyar saura minti goma.

Wayarta ta yi ƙara. Shugaban jami'a ne. Hannunta cike da takardu, sai ta danna lasifika.

"Rosalind, yanzu aka turo min hoton," in ji shugaban, murya a sanyaye. "Wannan babban rashi ne. Uba muka rasa. Bango ya faɗi." Ya ja numfashi, ya rage murya. "Af, ya samu ya sa hannun kuwa?"

Taken na ta maimaita kansa. Mista Crumley ya buɗe ido ɗaya, ya yafito ta da yatsa. Ta sunkuya.

"Ce masa ban yi ba," ya raɗa mata. "Ina so in ji kukan gaske."