Amon da Ke Cikin Hitar Miflih

Ran da na fita takaba na ce wa ɗana Haisam ya kai ni Gor, kwarin nan mai ɗumi da ke ƙasan tudunmu. Ya ce, "Yumma," haka ake kiran uwa a wajenmu, "me kika ajiye a can? Akwatunan zuman ai na sayar." Na ce na san ya sayar, ba sai ya tuna mini ba. Karafan nake so, ɗan ɗakin nan mai taya da ubansa Miflih ke ɗaura wa mota duk shekara in sanyi ya shigo, mu sauko daga tudun Ajlun da ƙudan zumanmu su sha furen lemo. Tun da ajali ya riski Miflih, ɗakin yana nan cikin lambun Abu Rakan, ba wanda ya waiwaye shi. Haisam ya yi ta jero dalilai, na yi masa kunnen uwar shegu, ƙarshe dai ya ɗauko makullin mota. Ya sauke ni, ya cika mini tanki da ruwa, ya koma Irbid wajen aikinsa.

Miflih bai iya magana mai daɗi ba, Allah Ya jiƙansa. Amma shekarar da sanyin ƙashi ya kama mini yatsu, shi ya kwana biyu a durƙushe yana gyaran tsohuwar hitar ruwa ta karafan ɗin, don in riƙa alwala da ruwan ɗumi. Daga nan hita ta zama tasa shi kaɗai, ko ƙurarta ba a goge masa. Tana ƙarƙashin bencin da nake kwanciya, 'yar ƙofarta kuwa ta waje take buɗewa. Kullum kafin kiran sallar asuba sai ya buɗe famfon ruwan zafi, ya jira har ya gama tari da tofar da iska, wai in aka kunna wuta babu ruwa a ciki an kashe ta ke nan. Sannan ya fita ya murɗa tukunyar gas, ya durƙusa gaban ƙofar, ya danne ɗan jan maɓalli, ya ƙyasta ashana. Maɓallin nan in ka sake shi da wuri wutar mutuwa take yi. Shi kuma ba ya ɗaura agogo, sai ya riƙa rera wata tsohuwar waƙar girbi a hanci, baki rufe, ba ya ɗaga yatsa sai ta kai ƙarshe.

Da wannan amon nake farkawa, yana ratso bango ya shigo ta ƙarƙashin kunnena. Nakan ce wa Miflih, "Abu Haisam, wai waƙar nan ba ta da ƙanwa ne?" Ya ce, "Hajiya, ita wutar ta sani. In na sauya mata, da ruwan sanyi za ki yi salla."

Asubar farko da na kwana ni kaɗai, na ji shi.

Ba mafarki nake ba, idona biyu. Daga ƙarƙashin benci yake fitowa, ƙasa-ƙasa, ya ɗan hau, ya sauko, ya sake hawa. Na yi a'uziyya, na karanta abin da ya zo bakina, amma amon bai ɗauke ba. Na san wanda ya tafi ba ya dawowa, ni ba yarinya ba ce, da hannuna na shafa goshinsa kafin a fita da shi. Duk da haka da na buɗe baki abin da ya fito shi ne, "Abu Haisam, ka makara yau."

Daga ranar ban yarda na zagaya bayan karafan ba. Tukunyar gas ma ban taɓa ta ba, tsoro nake kada in murɗa wani abu amon ya ɗauke. A waje nake hura itace in dafa shayi da ganyen maramiya mai ƙamshi, in ci burodi da zaitun. Da asuba kuwa raɓa ta jiƙa itacen, sai in yi alwala da ruwan tanki, sanyinsa na shiga mini har ɓargo. Yatsuna suka kumbura, zoben aurena ya nutse cikin nama. Ko oho. Da na idar da salla sai in koma kan benci in ɗora kunne, in ba Miflih labarin waɗanda suka zo gaisuwa da waɗanda suka ƙi zuwa. Wani lokaci daɗi nake ji kamar amarya, wani lokaci tsoro ya kama ni.

Matar Abu Rakan ce ta kai tsegumi. Ta kawo mini lemo ta ga hannuna, ran Juma'a da hantsi sai ga motar Haisam. Ko zama bai yi ba ya kama hannayena yana juyawa.

"Yumma, mene ne wannan? Ga hita a ɗaki, kina wanka da ƙanƙara?"

"Ta lalace."

"Wa ya duba ta?"

"Ni na ce ta lalace. Kai da ko akwatin zuma ba ka iya buɗewa sai ka yi ihu, yau kai ne injiniya?"

An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to nawa ko rarrafen bai yi ba. Tun yana ƙarami ya tsani zuma da harbinta, ya tsani Gor da saurayenta, har suka yi shekaru shi da ubansa gaisuwa kawai ke haɗa su. Amma taurin kai kam na Miflih ne ya kwaso duka. Ya naɗe hannun riga, ya buɗe famfo har ya gama tari, ya nufi ƙofa. Na riga shi, na tsaya na tare hanya.

"Ba za ka buɗe ta ba."

"Don me?"

"Ubanka na ciki."

Ya tsaya yana kallona kamar yadda ake kallon mai zazzaɓi. Na ce, "Kada ka yi mini wannan kallon, ɗan nan. Zo ka sa kunnenka." Ya durƙusa don ya raba gardama, ya jingina kai da benci. Ina kallo fuskarsa ta sauya. Da ya ɗago ya ce, "La'ilaha illallahu. Yumma, ki yi haƙuri, sai na gani."

Na roƙe shi. Ni da ban taɓa roƙon ɗana komai ba, na riƙe masa riga na ce ya bar mini wannan kaɗai, ya sayar da duk abin da ya rage. Ya zare hannuna a hankali ya fita. Na bi shi.

Da ya zare sakatar 'yar ƙofar, sai ga su cunkus, baƙi ƙirin, sun rufe bututun wuta da jan maɓallin, sun saƙa farin kaki kamar tafin hannu uku. Ƙudan zuma ne. Wani taro ne da ya ɓalle daga wata amya, ya shiga ta ramukan iska ya yi gida. Haisam ya ja da baya yana kare fuska.

Ni na yi rabin rayuwata cikin ƙudan zuma, kada a ɗauka ban san kukansu ba. Na ga ɗaiɗaikunsu suna shawagi ta wannan gefen tun ranar da na zo, na kau da ido. Amma wallahi har gobe ban san inda ƙuda ya koyi hawa da saukar waƙar girbi ba.

Haisam ya ce, "To a bar su mana, Yumma, in haka kike so. Sai in sayo miki ƙaramin risho." Har zuciyata ta yi sanyi. Sai na ɗora hannu a jikin ƙarfen, na ji hantsi ma ya fara gasa shi. Zafin Gor na tafe, in ya iso kakin nan narkewa zai yi, ya malale a kansu, su mutu a ciki gaba ɗaya. Da Miflih ne ba zai bari su ƙara kwana ba.

Na ce, "Ɗauko mini abin hayaƙin ubanka da wuƙarsa. Akwai akwati guda a ƙarƙashin karafan, wanda ka manta ba ka sayar ba."

Da kumburarrun yatsun nan na yanko saƙar ɗaya bayan ɗaya na ɗaure a katako, ina kuka ina busa hayaƙi. Haisam ya riƙe akwati, suka harbe shi a wuya da kunne, ko ihu bai yi ba. Da uwarsu, sarauniyar, ta shiga akwatin sauran suka bi ta. Bayan magariba ya kai akwatin can ƙarshen lambu, ya dawo ya kankare bututun tas, ya ce dare ya yi, sai da safe zai gwada wutar. A mota ya kwana.

Da asuba na farka, ɗakin shiru. Irin wannan shirun ban ji shi ba ko ranar jana'iza. Na kwanta kunnena a kan benci, babu komai sai sanyin katako, na ce a raina yau Miflih ya mutu.

Can sai na ji takun Haisam a waje, na ji ƙarar tukunyar gas. Ya ƙyasta ashana, wuta ta kama, ta mutu. Ya sake, ta sake mutuwa. Na ji ya yi tsaki. Na so in ɗaga murya in ce masa ya daina saurin sakin maɓallin, amma na bar shi.

Ashana ta sake ƙyastuwa. Sai amon ya ratso bango, ƙasa-ƙasa, ya ɗan hau, ya sauko, ya sake hawa. A hanci, baki rufe. A tsakiya muryar ta karye, Haisam ya ja numfashi ya ci gaba daga inda ya tsaya, bai tsallake ko gaɓa ɗaya ba har ƙarshe. Wutar ta kama da ɗan gurnaninta, ta zauna.

Ban motsa ba sai da ya ƙwanƙwasa bango ya ce, "Yumma, ki ɗan jira kaɗan, yanzu zai yi ɗumi."

Na share fuska da gefen mayafi na ce, "Wai waƙar nan ba ta da ƙanwa ne?"

Na ji ya rufe 'yar ƙofar hitar. Sannan ya ce, "Ita wutar ta sani."