Makullin Baba Sahabi

Shekara ashirin da shida Baba Sahabi yana gadin tsohon siton hatsi na gwamnati a wani ƙauye cikin kwarin Tarka. Hatsi ya daina zuwa tuntuni, amma shi bai daina shara ba. A ciki yake kwana, makullin yana rataye a wuyansa kamar laya.

Da hukuma ta ba ƙungiyar mata masu man gyaɗa siton, sai aka aiko masa cewa shi zai miƙa makulli gaban jama'a. Tsoho ya goge makullin da toka har ya yi ƙyalli, ya sa rigarsa ta Sallah.

Ranar taro wakilin hukuma ya sa hannu a takarda, mata suka yi guɗa. Baba ya miƙa wa Lantana, shugabar ƙungiya, makulli da hannu biyu. Mai hoto ya ce bai fita ba, aka sa tsoho ya sake miƙawa har sau uku, yana ta murmushi.

Nan take Lantana ta ja ƙofa ta kulle, ta ɗaure makullin a bakin zanenta.

"Ɗiyata, tabarmata da butata suna ciki," in ji Baba.

"Baba, takarda ta ce gini da duk abin da ke cikinsa namu ne."

"To ai ni ma a ciki nake."

Lantana ta dube shi daga hula har takalmi. "Lokacin da aka sa hannu kana waje, Baba. Kowa ya gani, ga hoto nan."