Kififiyar Kawu Nong

"Ungo abarka!" Guizhi ta dire bokitin a bakin gadon maƙwabcinta Kawu Nong, har ruwa ya fantsama. "A akurkin agwagina na same ta. Yau ma!"

Kififiyar ta ɗago ƙaton kan nan nata da ba ya shiga ƙoƙon bayanta, ta wage baki irin na aku. Duk ƙauyen babu halittar da Guizhi ta tsana kamarta. Kififiyar kowa tana zama inda aka ajiye ta, wannan kuwa katanga take haurawa da farata da doguwar wutsiya. Bara ta ciji Guizhi a babban yatsa, har yau bai miƙe daidai ba.

"A hankali, 'yar nan," in ji tsohon, muryarsa na fita da ƙyar. "Ƙwai ne a cikinta."

"Tun yaushe kake faɗin haka? Kunun shinkafa ka kasa haɗiyewa, kana zancen ƙwai!"

"Bana an dace. Namijin da na aro ta kusa cire masa ƙafa, amma an dace." Ya numfasa. "Ruwan dutse take so, mai sanyi, mai gudu. In ya ɗumama mutuwa za ta yi. Ki riƙa duba tiyon da ke kawo mata shi."

"Tiyon da ke yoyo a tsakar gidana? Ni ba baiwarta ba ce."

Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Ta tallabe masa kai har ya lafa, tana ta mita.

Washegari da ta kawo kunu ta tarar ya cika, fuskarsa na kallon tagar da ake jiyo zubar ruwa.

Aka sa fararen kaya, aka kunna turare, aka ƙona masa gida da riguna na takarda bisa al'ada don ya samu abin amfani a lahira. Bayan an dawo daga maƙabarta, sai ga ƙanwarsa, Gwaggo Meifeng, ta fito da kififiyar a roba.

"Tafkin gidan ibada zan kai ta in sake ta," ta ce, idonta jawur. "Ladan ya iske Yaya."

Guizhi ta san tafkin: kore shar, ba ya motsi, rana na dafa shi wuni guda. Ga hutu ya zo mata har gida, abin da ya rage kawai ta ja bakinta ta yi shiru. Haushin kanta ya kama ta da ta ji ta kasa.

"Gwaggo, ruwan can kamar miya yake. Kashe ta za ki yi, da ƙwan cikinta."

"Ba ke kika ishi unguwa da ƙorafi a kanta ba?"

"Ni ce! Kuma ban gama ba." Ta fizge robar.

Gwaggo Meifeng ta fashe da kuka. "To ni me zan aika masa? Ita kaɗai yake so."

"Ki sa a yi masa ta takarda, ki ƙona masa. Waccan ba ta cizo."

Ranar Guizhi ta wuni tana jan tiyo zuwa gidanta, tana zuba yashi a gefen kwamin da ta tanadar wa kififiyar, tana zagin mamaci da abin da ya bari. Agwaginta ta mayar bayan madafa.

Wata safiya ta tarar da ƙwai biyu farare a cikin jiƙaƙƙen yashin. Ta daɗe a tsugune.

"To, gaskiyarka, rigimamme," ta faɗa da ƙarfi, yadda ta saba jefa masa magana ta kan katanga.

Da ta leƙa kwamin, babu kififiya. Ta zari tsinken kwashe wuta tana tsaki, ta nufi wajen agwagi. Ba ta can.

Ashe kififiyar na bisa katanga, wutsiya na reto ta gefen Guizhi, ƙaton kan ya leƙa tsakar gidan Kawu Nong, wajen ƙofar da aka garƙame.