Gaɓa Ta Sha Bakwai

Shekara talatin da ɗaya ke nan Baba Mai Ƙashi yana goge ƙwarangwal ɗin dainoso, wata ƙatuwar dabbar zamanin da, a zauren gidan tarihi. Shi ya haɗa shi da hannunsa: kai can kusa da silin, wutsiya kwance a siminti. Saura kwana tara ya yi ritaya, har an yi masa alkawarin rubuta sunansa a allon da ke gindin dainoson, sai ga sabuwar shugaba, wata dakta mai saurin magana, ta ce a sauke ƙwarangwal ɗin a sake haɗa shi.

"Baba, ba haka yake tafiya ba," in ji ta. "Ƙafa biyu ke ɗauke da shi. Ƙirji gaba, wutsiya miƙe a baya tana daidaita nauyin, kamar sikeli. Dubi kaza, jikarsa ce. Da wutsiya ta gajarce, dole ta lanƙwashe gwiwa, in ba haka ba ta ci da baki."

Yo shi za a gaya wa? Wutsiyar ce ta fara faɗa masa, ranar da ta ƙi lanƙwasuwa ƙememe. Maigidansa na wancan lokaci ya ce hoton littafi za a bi, buɗe zaure jibi. Baba ya ɗauki zarto ya yanke tsinken ƙashin da ya tokare wutsiyar a gaɓa ta sha bakwai, ya cike da filasta, ya shafa fenti. Ƙashin da ya kwana miliyoyin shekaru a ƙasa lafiya lau! Ko matarsa bai gaya wa ba.

Ranar saukewa, aka jera gaɓoɓin a tebur. Dakta na ƙirgawa, ta kai sha biyar. Baba ya ji ya gaji, gajiya har cikin ɓargo. Ya ja ƙafa zuwa akwatin kayan aikinsa, ya dawo da wani tsohon gwangwanin madara, tsinken na ciki.

"Ranki ya daɗe, kafin ki kai can. Ni na yanke."

Ta kankare filastar, ta saka tsinken. Ya zauna daram.

"Allon fa?" in ji Baba a hankali.

"Za a rubuta sunanka, Baba. Har da labarin yankan nan."

Ya gyaɗa kai. Ya nemi bencin baƙi ya zauna, tsumman gogewa na rataye a kafaɗarsa.